Hannun Da Ke Littafin Amarya

Wata tara da aure, amma har yau Amarya ake ce mata, ita ma ta haƙura ta karɓi sunan. Ranar wata Talata tana tsaye a kicin da ludayi a hannu, tukunya na tafasa, ita kuwa idonta na kan inuwar taga da ta kwanta a bango. Ta karkata kai, ta rufe ido ɗaya tana auna inuwar da ludayin.

"Amarya! Tukunyar za ki duba ko bangon?" in ji Mama, uwar mijinta, daga bakin ƙofa.

"Sori Mama! Wallahi hasken ne ya yi kyau."

"Haske! To Allah ya sa shi za mu ci anjima."

Haka ta koma tun da mijinta Kafinta ya sa ta a ajin yamma, inda ake koyar da tarihin zane da ƙa'idojin dizayin. Burinsa wata rana ita ta riƙa zana kujeru shi yana ƙerawa. Talata da Alhamis yake kai ta a babur da ƙarfe biyar, ya ɗauko ta ƙarfe bakwai.

Ajin yana saman wani ɗakin karatu, fanka na ƙara kamar za ta faɗo. Malaminsu tsoho ne mai farin gemu, kullum hannun rigarsa da alli. Ran nan ya kashe fitila ya kunna firojekta, sai ga bangon wani kogo cike da hannaye, manya da ƙanana.

"Shekaru dubbai ke nan," in ji shi. "Mutumin nan bai zana hannunsa ba. Ɗora shi ya yi a jikin dutse, ya fesa launi a kewaye, ya ɗauke. Gurbi kawai kuke gani. Aikinku na gida ke nan: ku zana filin da ke kewaye da abu, abin zai fito da kansa."

Amarya ta ji tsikar jikinta ta tashi. Mutum ya rasu tun tuni, amma ga shi yana ɗaga mata hannu! A kan babur ma ba ta ji abin da Kafinta yake faɗa ba, hannayen nan kawai take gani suna yawo a sararin sama.

Ba ta sha wahalar neman abin zanawa ba. Kullum in Kafinta ya dawo cin abincin rana sai barci ya ɗan sace shi a doguwar kujera, hannunsa na hagu shimfiɗe a kan matashi. Sai ta lallaɓo da fensir ta zauna a ƙasa. Allah ya sani tana son hannun nan, da kantarsa da ƙurar katakonsa. Sau huɗu tana zanawa tana gogewa har takarda ta kusa hujewa, na biyar ne ya fito daidai girmansa. Malam ya duba, ya jinjina kai, ya yi mata rubutu da jan biro a ƙasa. Ta ɓoye littafin a durowa, da niyyar ba mijinta zanen ranar da za su cika shekara.

Ana haka Yaya Babba, yayar Kafinta, ta zo wuni. Neman almakashi ya kai ta durowar, kuma ita Yaya in ta buɗe durowa sai ta ga ƙarshenta.

"Inna lillahi! Mama! Zo ki ga karatun da ake yi!"

Ta fito falo tana kaɗa littafin, daidai lokacin da Kafinta ya shigo. Ta gyara murya ta karanta jan rubutun da ƙarfi: "Wannan hannun ya zauna a zuciyarki. Kada ki sake shi."

Ta tafa hannu. "Kun ji? Ta riƙe hannun ƙato, har yana roƙon kada ta sake shi! Ga sa hannunsa nan a ƙasa. Kai kana can kana shaƙar ƙura, ka kai ta da kanka, ka ɗauko ta da kanka — direban soyayya!"

"Yaya, ba haka ba ne, don Allah ki bari in—"

"Rufe min baki! Ruwa ba ya tsami banza."

Kafinta ya karɓi littafin. Ya kawo shi dab da fuskarsa, bai ga komai ba sai baƙin fensir da jan rubutun da ke ƙona masa ido. Kishi mugun ciwo ne, yana makantar da mai ido biyu.

"Hannun waye?" ya tambaya.

Tambayar ta fi zagin Yaya yi mata zafi. Hawaye suka zubo mata. "Naka ne," ta ce a hankali.

"Ƙarya!" in ji Yaya. "Hannu ai hannu ne, kowa na da shi. Ta tattara ta tafi gidansu!"

Kafinta ya jefa littafin kan kujera, ya juya baya. "Ki je gida tukuna, sai na neme ki."

Amarya ba ta rama ko kalma ɗaya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da ƙaramar jaka, ta zo ta durƙusa gaban Mama. "Mama, ki yafe min in na taɓa ɓata miki."

Mama ta kai dubanta inda littafin ya faɗa. Ita idonta ba ya ganin na kusa sai na nesa, ga littafin can ƙarshen falo jingine da hannun kujera, a buɗe. Daga inda take zaune baƙin fensir ɗin ya ja baya, farin hannu ya fito fili kamar za a gaisa da shi. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, zo nan," ta ce wa ɗanta. "Ɗora hagunka a farin wurin nan."

"Mama, don Allah—"

"Na ce ka ɗora!"

Ya ɗora. Hannun ya shige gurbin cif, yatsa bisa yatsa, har ɗan ƙaramin da ya karkace waje.

"Wannan ƙaramin yatsan," in ji Mama, "ni na matse shi da ƙofa kana shekara huɗu. Kwana uku ina kuka, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na zata ni kaɗai na san da shi a duniya. Ashe akwai wadda ta zauna ta kalle shi har ta haddace."

Yaya ta nuna jan rubutun. "To... rubutun fa?"

Amarya ta share hawaye, ta buɗe shafukan baya, duk sun sha gogewa. "Kullum Malam faɗa yake min, wai na cika goge aiki in sake. Kada in sake zana shi yake nufi, Yaya, wannan ya yi."

Mama ta kama haɓa, ta dubi Yaya. "Oh ni! Sake zane aka ce, kin kawo mana sakin aure. Ke da kika fi kowa boko a gidan nan!"

Yaya ta sunkuyar da kai ta nemi gafara, abin da ba a taɓa gani ba. Kafinta kuwa ya karɓe jakar daga hannun matarsa, kunya ta hana shi ɗago ido. "Ki yafe min. Hannuna ne, amma kin fi ni saninsa."

"Ka ɓata min safirayis ɗina," ta ce, tana dariya tana kuka.

Shi da kansa ya yi wa zanen firam, aka rataye shi a falo inda Mama take hango shi daga kujerarta. Amarya ta gama ajinta, yanzu ita ke zana kujerun shagon.

Jama'a, zato zunubi ne. In abu ya yi maka duhu a kusa, ja da baya ka sake dubawa kafin ka yanke hukunci. Da Amarya ta biye wa zafin zuciya ta rama, da hayaniya ta hana Mama kallon littafin nan. Ta yi haƙuri, hannun da aka zarge ta a kansa shi ya riƙe mata aurenta.