Ɗalibin da Ke Zuwa Bayan An Tashi

Ku matso kusa. Ke Ummita, kashe wayar nan, ba na son haske a fuskata. Abin da zan faɗa muku a jami'armu ya faru, kuma matar tana nan da ranta.

Sunanta Malama Zuwaira. Ita ke koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta bi. Da yawansu ba su taɓa dafa kwamfuta ba sai a ajinta. Ba ta tsawa. Ko sau nawa ka tambaye ta, sai ta ja kujera ta zauna kusa da kai. Ƙuruciyarta duk a kan karatun nan ta ƙare, kuma tana son sa kamar ranta.

Wata Laraba darasi ya ja su har gab da magariba. Ɗalibai suka watse. Tana bin kwamfutocin tana kashewa sai ta ji an ce, "Malama."

Wani saurayi ne a layin baya, da farar riga, kai a sunkuye. Ba ta gane shi ba, amma ajin da yawa yake.

"Ban fahimci na yau ba."

"Bari sai gobe. An kusa kiran salla."

"Kaɗan ne."

Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Duk da haka ta je ta zauna. Kwamfutar da ke gabansa a kunne take, alhali ta san wannan ta daɗe da ƙonewa. Ta duƙa ta ga ko an gyara ta ne. Wayar wutar tana yashe a ƙasa, ba a jona ta ba. Kusa da ita ga ƙafafunsa. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

Ta yunƙura za ta miƙe, ƙafafunta suka ƙi. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, sai darasi ya fito. Tana jin muryarta a tsanake tana bayanin yadda ake ba adadi suna a ajiye shi, kwamfuta ta riƙe. Hawaye na zuba, baki na koyarwa. Shi kuwa bai ɗago kai ba. Hannayensa na kan cinya, rubutu na fitowa a fuskar kwamfutar da kansa.

"Na gane," in ji shi. "Sai Laraba."

Ɗakin ya yi duhu. Da ta laluba ta kunna fitila, kujerar ba kowa.

Washegari ta tsaya gaban allo za ta maimaita darasin nan. Ta ɗaga hannu ta tsaya. Babu shi a kanta. Ba irin mantuwar nan ba ce da abu ke yi maka yawo a bakin harshe. Wurin fayau yake, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

"Malama, lafiya?" in ji wata ɗaliba.

"Kaina ke ciwo. Ku tashi."

Ta koma gida ta buɗe littafi ta karanta babin har ta gaji. Tana rufewa ya zube.

Ta faɗa wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta yi salati, ta riƙe mata hannu. "Zuwaira, ba za ki sake taka ɗakin nan ba." Aka yi rubutu ta sha, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya. Laraba na zuwa suka kulle ƙofar gida, uwar ta zauna a bakinta da carbi. Rana na faɗuwa barci ya sace tsohuwar. Zuwaira ta tsinci kanta a kan kujerar nan, ba mayafi, ƙafarta duk ƙura.

"Yau me za mu yi, Malama?"

"Don Allah ka ƙyale ni. Da shi nake ci. Ban iya komai ba sai shi."

"Ke kika ce duk wanda bai gane ba ya tambaya."

Bakinta ya buɗe. A ranar saurayin ya tafi da yadda ake gindaya wa kwamfuta sharaɗi. Mako na gaba, yadda ake sa ta maimaita aiki. Haka, haka. Ta nemi a canza mata ɗaki, aka canza, bai hana ba. Ta tafi Gusau wurin yayarta, magariba ta yi mata a kan kujerar. A aji sai ta tsaya tana karanto littafi kamar baƙuwa. Ɗalibai suka fara gunaguni, daga baya suka daina, don sun ga yadda ta rame.

Laraba ta ƙarshe a zangon, bakin nata ya buɗe, ba abin da ya fito. Ya jira. Sannan ya ɗago kai. Har yau ba ta faɗa wa kowa abin da ta gani a fuskar ba.

"Ya ƙare ke nan?"

Ta gyaɗa kai.

"Mu ba ma karɓa a banza. Ga namu."

Ya hura mata iska mai sanyi a kunnen hagu. Ta faɗi. Masu shara ne suka same ta da safe.

Ta ajiye aiki. Yanzu in ka nuna mata rubutun kwamfuta, cewa take kamar sawun tururuwa. Amma tun ran nan tana jin gudun ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙa rijiya daga nesa suke zuwa ɗaukarta. Ta nuna wuri da ƙafa, a haƙa, ruwa ya fito. Mutane suna cewa baiwa ce. Ni na gan ta a bakin wata sabuwar rijiya, ana guɗa ana sa mata albarka, ita kuwa ta toshe kunnen da hannu tana kuka. Ta ce ƙarar ba ta barin ta barci.

Kai Nafi'u, kai ne za ka shiga jami'ar bana. In aka tashi daga ɗakin kwamfuta, ka fita cikin mutane. Kada magariba ta same ka a can kai kaɗai. In kuwa ka kai ƙofa ka ji an kira ka daga layin baya, ko da muryata ce, kada ka amsa.