Faifan Da Na Bari A Tsohon Shago

Ana daf da magariba na tsayar da mota a gaban tsohon benen da na fara sana'ar ɗaukar hoto a cikinsa. Laftof na cikin jaka, mukullin tsohon shago na hannuna.

Inna na kwance a asibiti. Idonta ya daina gani, abinci ya daina wucewa, kuma abu ɗaya take ta maimaitawa: tana so ta ji muryar Auta. Auta ƙanena ne, ya rasu bara. Muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai a wani bidiyo da na ɗauka yana koya wa 'yarsa keke.

Ni ba mai wasa da ajiya ba ce. Bidiyon yana kwamfutar shago, yana kuma ajiyar intanet. Sai wuta ta zo da ƙarfi ta lalata fayilolin kwamfutar. Ajiyar intanet kuwa ashe madubi ce, yadda suka lalace a nan haka ta kwafe lalacewar a can. Kwafi ɗaya ya saura, a faifan ajiya, ɗan baƙin akwati kamar tafin hannu. Mai gyaran kwamfuta ne ya taɓa ba ni shawarar in ajiye ɗaya a wani ginin daban, ko da gobara. Na sa shi a durowar tsohon shago na kulle. Daga baya 'yan haya suka watse, benen ya zama kango.

Yayata ta ce in bari sai da safe. Na dubi fuskar likita, na san safiyar ba lallai ta same mu da Inna ba.

Matakalar tana warin jiƙaƙƙen toka. Na buɗe ƙofa, na shiga ba sallama, don wa zan yi wa? Ɗakin na nan yadda na bar shi: labulen bango mai zanen teku, kujerar da ake zama a ɗauki hoto. Sai dai babu ƙura a kan kujerar. Kuma da ɗumi a ɗakin, irin ɗumin inda mutane suka tashi yanzu.

Faifan na cikin durowa. Na jona shi da laftof don in tabbatar yana aiki. Ya yi 'yar ƙararsa, ɗan hasken gefensa ya kama. Na ga foldar Auta, na yi hamdala.

Sai idona ya kai kan layin da ke nuna sauran fili. Lokacin da na kulle faifan nan ko rabi bai kai ba. Yanzu ya cika maƙil. Ƙarƙashin foldata akwai wasu fayiloli jere, ba suna, ba kwanan wata.

Na zare wayar da ta haɗa su, na jefa faifan a jaka, na nufi ƙofa.

Ƙofar ta ƙi buɗuwa.

Na murɗa, na ja, na sa kafaɗa. Daga nesa aka fara kiran salla. A bayana kujerar ta yi ƙara, kamar wani ya zauna.

"Ajiye."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnena. Numfashinta na warin toka.

Ban waiwaya ba. Na ce mata uwata ce ke kan gargara, muryar ɗanta kawai take nema, don Allah a bar ni in tafi.

"Fili muka samu ba kowa, muka zauna. Ɗauki naki. Bar namu."

Na durƙusa a ƙasa, na sake jona faifan. Batirin laftof ya yi ja. Babu wuta a ginin. A ruɗe na yi abin da hannuna ya saba yi a shago kullum: na zaɓi duka, na danna kwafi.

Koren layi ya fara tafiya.

Faifan ya canza ƙara. Ya koma kamar numfashi. Sannan daga cikinsa, can ciki, jariri ya tsala kuka. Wani ya amsa. Wani kuma.

Labulen tekun ya kumbura, babu iska.

"Yaranmu kike kwashewa."

Yanzu ba murya ɗaya ba ce. Ta ko'ina suke, ta rufi, ta ƙarƙashin durowa. Na danna soke. Ya ƙi. Na sake dannawa, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, rabi da rabi.

Layin ya tsaya.

Na zaɓi foldar Auta ita kaɗai. Na fara daga farko.

Layin na jan ciki. Fuskar laftof ta dusashe don tanadin batir. A cikin baƙin gilashin na ga inuwata, na ga wasu a tsaye a bayana. Dogaye. Kawunansu a sunkuye saboda rufi.

"Yaya."

Muryar Auta. Ba daga laftof ba. Daga bayana.

"Yaya, juyo mana. Ko fushi kike?"

Haka yake jan kalmar in yana so in ba shi aron mota. Hawaye suka zubo mini. Wuyana ya fara juyawa da kansa. Na dafe haɓata da hannu biyu, na kafa ido a kan layin.

Saura kaɗan.

Wani abu mai sanyi ya kama gefen mayafina.

Kwafin ya gama.

Na fizge wayar, na suri laftof, na bar faifan a ƙasa, na bar mayafin a hannun mai riƙe da shi. Ƙofar ta buɗe tun kafin in taɓa ta. Ban san yadda na sauka matakalar ba.

A asibiti na jona caji, na ɗora laftof kusa da matashin Inna. Tire take kiran laftof ɗin, don ta ce bai fi a ɗora kofi a kai ba. Auta ya fara magana, yana ce wa 'yarsa ta taka, ba zai sake ta ba, ga shi kuwa ya riga ya sake. Ya fashe da dariya. Inna ta yi murmushi, leɓunanta na bin maganarsa. Ta sa na maimaita har yayata ta fita waje tana kuka.

Da na zo rufewa, ta laluba ta kama hannuna.

"Kin kawo min nawa, Allah ya yi miki albarka. Amma akwai ɗan mutane a tiren nan. Mayar musu. Na san abin da uwarsa ke ji."

Na duba. Ƙarƙashin foldar Auta akwai fayil ɗaya, ba suna, ba kwanan wata. Ya ƙetare kafin in soke.

Inna ta cika kafin gari ya waye.

Bayan an kai ta, da rana tsaka, na kwashe bidiyon Auta shi kaɗai a filashi, ɗan ƙaramin abin ajiya, na hau benen nan. Na yi sallama. Na ajiye laftof a bakin ƙofa da fayil ɗin nan a ciki, na juya. Ban kai ƙarshen matakala ba na ji ƙofar ta buɗe a hankali, wata mace ta sauke ajiyar zuciya.

Yanzu ajiyata tana gidan yayata da gidan surukata, inda yara ke ihu, ake girki, ake faɗa. Nakan je in yi wa faifan sallama, in jona in duba a kai a kai. Yayata na yi mini dariya wai ina yi wa ƙarfe sallama. Ina barin ta ta yi dariyarta, sannan in ɗan jira, ko za a amsa.