Wardi Goma a Hannun Pani Leokadia

Sabina Wrona ce ta zare furen, da hannunta, kuma da gangan. Allah ya ba ta murya, hassada ta cinye sauran. Amma a yammacin Lahadin nan, Bogna aka kalla da mugun ido.

Gidan waƙar da ke ƙarƙashin ƙasa a bayan babbar kasuwar Kraków ya cika maƙil. Bikin karrama tsofaffin mawaƙan gidan ake yi, abin da aka samu a ƙofa kuma na kula da marasa lafiyarsu ne. An haska hotunan ƙuruciyarsu a bango, an yi dariya, an yi hawaye. Ta ƙarshe ita ce Pani Leokadia, wato Uwargida Leokadia, wadda ta shekara hamsin tana waƙa a dandamalin nan, wata uku ke nan da yi mata aikin zuciya.

Bogna, sabuwar mawaƙiyar gidan, ta rusuna ta miƙa mata damin jan wardi.

Tsohuwar ta taɓa kawunan furannin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta saba.

"Goma," ta ce.

Idanun jama'a suka koma kan Bogna.

Kowa a garin nan ya sani: mai rai ana ba shi fure bakwai, tara, sha ɗaya. Shida, takwas, goma, na kan kabari ne.

"Kin yi gaggawa, yarinya," in ji Pani Leokadia, muryarta na kaiwa har kujerar ƙarshe. "Likita ya ce da saurana."

Ta ajiye furen a kan piyanon jikanta Cyprian, ta shige bayan labule.

Dama ba ta son maganar aurensa da Bogna. Cewa take 'yar makiyayan kan dutse ce, ta zo ne ta auri sunan gidan ta gaji dandamalin. Sabina take so masa, 'yar birni mai iya gaisuwa.

Cyprian ya tarar da Bogna a bakin matakala, rigar sanyi a hannunta.

"Ina za ki?"

"Gida... wajen tumakinmu. Su ba sa ƙirga fure."

"Bogna, zuciyata, kalle ni!"

"Sha ɗaya na saya, Cyprian! Na rantse da kabarin mahaifiyata, sha ɗaya! Sau uku na ƙirga!"

"Na sani."

"Ka sani? To me ya sa ka yi shiru a can?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji kada zuciyar Kaka ta buga. Na yi laifi. Amma in kika hau matakalar nan, da ni za ki tafi. Zan koyi tatsar tumaki, in ba su gudu ba."

Ta yi dariya cikin kuka, ta doke shi a ƙirji. A ciki an ci gaba da kiɗa, wani tsoho yana rera waƙarsa ta zamanin samartaka.

Sai ta tsaya cak.

"Labulen ƙarshe bai sauka ba ko?"

"Saura waƙa biyu."

"To furen yana cikin gidan nan."

Ta wuce shi da gudu, ta tura ƙofar ɗakin kwalliya ba ta ƙwanƙwasa ba. Pani Leokadia na zaune gaban madubi, Sabina na tsaye tana zuba mata shayi da zuma.

"Ikon Allah! An zo ɗaukar awon akwatin gawa ne?" in ji Sabina.

Bogna ba ta kalle ta ba.

"Pani, ranar da na fara aiki a nan, me kika ce min game da fure?"

"Fita," in ji tsohuwar.

"Kin ce mawaƙiya ba ta jefar da fure kafin labulen ƙarshe ya sauka, in ta jefar, muryarta za ta bushe tare da shi. Duk matan gidan nan ke kika koya wa. Wadda ta zare ɗaya daga nawa ba za ta iya jefar da shi ba. Ki sa a buɗe kayan kowa, a fara da nawa."

Tsohuwar ta hango Cyprian ta madubi, ya biyo Bogna har bakin ƙofa.

"Cyprian, buɗe."

Jakar Bogna babu komai sai burodi da cukun tumaki. Da ya kai hannu kan akwatin hular Sabina, sai ta dafe murfin.

"Haba Cyprian! Kayan mata fa ne!"

"Ɗaga hannunki," in ji Pani Leokadia.

Jan wardi ɗaya ne a ciki, a tsaye cikin ɗan kofi. Har ruwa ta zuba masa, don tsoron muryarta.

"Wani masoyi ne ya ba ni..."

"Miƙo shi."

Tsohuwar ta bi sandar furen da yatsa daga sama har ƙasa. Sumul take. Ta sa Cyprian ya ɗauko goman da ke kan piyano. Su ma haka, babu ƙaya ko ɗaya.

"Masu fure na kasuwar Kleparz ba sa cire ƙaya, ko za ka yi musu kuka," ta ce. "Wa ya cire?"

Bogna ta ɓoye hannayenta a baya.

Cyprian ya kamo su a hankali ya buɗe. Yatsun duk sun farfashe.

"Ni na gaya mata kina shan maganin tsinka jini, Kaka. Na ce ko allura ta soke ki, jinin ba ya tsayawa da wuri. Tun safe take zaune da wuƙa tana cirewa."

Pani Leokadia ba mai kuka ba ce. Ta jawo hannun Bogna ta ɗora a kumatunta, ta daɗe a haka.

"Na kunyata ki a gaban mutum ɗari biyu. A gabansu zan gyara."

"Pani, ba sai..."

"Kaka za ki ce. Kuma ki goge hancin nan, kin zama kamar tunkiyar da ruwa ya doka."

Ta koma dandamali da wardi sha ɗaya a hannu, ta ƙirga su da ƙarfi, jama'a na ƙirgawa tare da ita. Ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage komai ba, har da nata kuskuren. Waƙar rufewa ta Sabina ce a tsari. Bogna ce ta rera ta, Cyprian na kaɗa piyano yana kuskure saboda kallonta, kakarsa na harararsa.

An ɗaura aurensu a watan Yuni, a cocin ƙauyen su Bogna. Pani Leokadia ta hau dutsen da sanda, ta ci cukun tumaki, ta ce ya yi gishiri da yawa, ta ƙara.

Sabina kuwa, an cire sunanta daga allon ƙofa kafin a share ɗakin. Muryarta na nan garau yadda ta so, amma babu gidan waƙa a Kraków da ya sake ba ta dandamali.