Rijiya Biyu a Lambun Madam Rahama

A garin Gure akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa. A lakwal, wato makaranta, kafin mushe malaminsu ya rufe baki ta ɗaga hannu. Wani lokaci ma sai ta ba da amsa, sannan mushe ya tuna bai gama tambayar ba.

Abu ɗaya ne ba ta yi. Ba ta tambaya. A ganinta tambaya aikin wanda bai sani ba ne, ita kuwa ba ta so a ce ba ta sani ba.

Ana gab da hutu, mushe ya ce, "Madam Rahama, mai renon ƙananan itatuwa a kwari, tana neman ɗan lakwal guda ya taya ta ban ruwa. Mai so ya je su gana."

Yarinyar ta daɗe tana jin labarin lambun nan. Ta ƙudura a ranta, aikin nan nata ne.

Washegari ta kama hanya. Ta hau tudun rairayi, ta leƙa ƙasa, sai ta tsaya cak. Ko'ina a kewaye rairayi ne fari fat, amma can cikin kwarin kore ne shar. Ga dabino, ga goruba, ga tsuntsaye suna ta kuka. Da ta gangara, iska mai sanyi ta taɓa fuskarta, kamar ta shiga wata ƙasa.

Ƙarƙashin dabinon kuwa ƴan baƙaƙen ledoji ne a jere, har iyakar ganinta. Kowace leda da ƙasa a ciki, da ɗan itace wanda bai fi yatsa ba.

Ba ita kaɗai ta zo ba. Zubair, ɗan ajinsu, ya riga ta. Shi Madam ta fara kira. Suka zauna a tabarma can nesa, ya daɗe bai taso ba.

Da ya dawo, yarinyar ta ce, "Kwana za ka yi? Me kake ta faɗa mata?"

"Tambayoyi na yi mata."

"Kai aka zo tambaya, ko ita?" Ta yi masa dariya, ta wuce.

Madam Rahama doguwar mace ce, hannuwanta duk ƙasa. Ta nuna mata wani ɗan tsiro. "Wannan fa?"

"Aduwa."

"Wancan?"

"Bagaruwa, Madam."

"Madalla. Kin san ban ruwa a kwari?"

Yarinyar ba ta taɓa ba wa komai ruwa ba sai akuyar gidansu. Amma ta ce, "Na sani sarai."

"To, ke kina da tambaya? Kome kike so ki sani game da aikin, tambaye ni."

Akwai tambayoyi cike da bakinta. Ta haɗiye su duka.

"Babu, Madam. Na gane kome."

Madam ta dube ta, ta ce, "Shi ke nan. Zan je Kelle, sai bayan kasuwa zan dawo. Ga layinki, ga na Zubair. Wanda na tarar da nasa ya fi kyau, shi zan ɗauka."

Rijiya biyu ce a lambun. Ɗaya tana nan kusa da ledojin. Ɗaya tana can nesa, gindin tudu.

Da safe yarinyar ta ga Zubair yana tafiya rijiya mai nisa, bokiti yana dukan ƙafarsa. Ta girgiza kai. Ga ruwa a gaban hancinsa, ya tafi yawo.

Ta jefa guga a ta kusa. Zubair ya hango ta, ya ce, "Ke, tsaya, wannan rijiyar…"

"Ka ji da naka layin, malam mai tambaya."

Kullum ita ke fara gamawa. Sai ta zauna a inuwa, ta miƙe ƙafa, tana kallonsa yana gumi.

Ana nan, wata safiya ta ga ganyen tsironta ya sunkuya. Ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara masa ruwa. Kashegari bakin ganyen ya ƙone. Saman ƙasar kowace leda ya yi fari, kamar an barbaɗa gari. Layin Zubair kuwa yana tsaye kyam.

A ranar Madam Rahama ta dawo. Ta tsuguna, ta shafa farin nan da yatsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗebo ruwan rijiyar kusa a ludayi, ta miƙa wa yarinyar.

"Ɗanɗana."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta tofar. "Kanwa ce a ciki."

"Kanwa ce. Da ruwan nan muke wanke bokiti da kayan aiki. Ƙaramin tsiro ba ya jure shi. Kin ce min kin san kwari, shi ya sa ban tsaya yi miki bayani ba. Ni ma ya kamata in faɗa miki duk da haka."

Yarinyar ta dubi layinta. Hawaye ya cika mata ido. Ta tafi gida ko sallama ba ta iya yi ba.

A gida Inna tana tankaɗe. Ta dube ta sau ɗaya, ta ce, "Wa ya mutu?"

"Itatuwa, Inna." Ta kwashe labari duka ta faɗa mata.

"Da ta ce kina da tambaya, me kika ce?"

"Na ce babu."

"Da gaske babu?"

"Akwai. Na ji tsoro ta ce ban san kome ba. Kuma ke kika ce kada in riƙa damun manya da surutu."

Inna ta ajiye rariya. "Surutu daban, tambaya daban, ƴata. Ranar da na fara saƙar tabarma, sai da na tambayi kakarki har ta ce kunnenta ya yi zafi. Mai ba da aiki, in ya ce ki yi tambaya, so yake ya ga ko aikin ya dame ki."

"Yanzu ai ya wuce."

"Ƙafarki ta karye ne? Koma."

Da sassafe ta koma. Ta durƙusa ta gaida Madam Rahama.

"Madam, ina roƙo a sake ganawar nan. Amsoshin na riga na bayar. Wurin tambayar nan kawai nake so a maimaita."

Madam ta danne murmushi. Ta shimfiɗa tabarma, ta gyara zama. "To, yarinya, kina da tambaya?"

"Itatuwan da na ƙona, za su tashi?"

"Wasu za su tashi, in an wanke ƙasarsu da ruwa mai daɗi."

"Wane lokaci ya fi kyau a ba su ruwa?"

"Da sanyin safiya, da kuma la'asar."

"In na ga abin da ban gane ba, ba kya nan, wa zan tambaya?"

"Baba Burahima mai gadi. Yana can bukkarsa."

"Mene ne ya fi wuya a aikin nan?"

"Haƙuri. Da awaki."

Yarinyar ta dubi ledojin. Sannan ta ce, "Madam, duk itatuwan nan, ina za a kai su?"

Madam Rahama ta miƙe. "Wannan ba a amsa ta a zaune. Taso."

Suka hau tudun da ke bayan lambun. Rairayi yana zamewa ƙarƙashin ƙafarsu. Da suka kai sama, Madam ta nuna gabas. "Me kika gani?"

Rairayi ne tsirara, tuli bayan tuli. A tsakiyarsa wasu ƴan ganyaye sun leƙo.

"Ciyawa ce?"

"Kan dabino ne. Da can lambu ne kamar namu. Iska ta turo rairayi kaɗan-kaɗan, ya haɗiye shi."

Yarinyar ta ƙara dubawa. Dabino mai tsawo, wanda sai gwani ke hawa, ga shi an binne shi har wuya.

"Yanzu juya."

Ta juya. Wani tudu ne babba, amma shi ba a ganin rairayinsa. Itatuwa sun rufe shi ruf, aduwa da bagaruwa da ɗakwara. Ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Wani makiyayi yana kwance a inuwa, hula a fuska.

"Wancan tudun ma tafiya yake yi, ya nufo kwarinmu," in ji Madam. "Muka dasa masa itatuwa. Saiwoyinsu suka riƙe shi, ya tsaya."

Yarinyar ta ƙura wa itatuwan ido. Can ta ce a hankali, "Duk waɗannan daga leda suka fito?"

"Kowane ɗaya."

Ta dubi lambun can ƙasa. Ledojin sun zama ƴan ɗigo-ɗigo. Ashe abin da bai fi yatsa ba yana iya tsayar da tudu. Ashe abin da ta riƙa zuba wa kanwa ke nan.

Ta gangara da gudu, ta ɗauki bokiti, ta nufi rijiya mai nisa. Zubair ya kama mata ɗaya hannun bokitin.

"Ka yi haƙuri da dariyar da na yi maka," ta ce.

"Ba kome. Amma ke za ki ja guga."

Suka yi ta wanke ƙasar. Wasu tsiron sun mutu, ba yadda za a yi. Amma da yawa sun fitar da sabon ganye. Madam Rahama ta zagaya layukan biyu, ta ce, "Zubair ya ci aikin. Sai dai lambun nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ke ma ki zo gobe."

Da damina ta sauka, aka loda itatuwan a amalanke. Yarinyar ta dasa nata da hannunta a kan tudun gabas.

To, yara, kun ji. In kun je neman aiki, aka ce kuna da tambaya, kada ku ce babu alhali akwai. Ku tambayi yadda ake aikin, da abin da ya fi wuya a cikinsa, da wanda za ku nufa in kun rikice, da amfanin da aikin zai yi. Tambaya ba rashin sani take nunawa ba. Tana nuna kuna so ku yi aikin daidai.