Allura Goma Sha Ɗaya a Kwalin Ashana

A'a, ba haka aka haife ta ba. Telar nan da kuke yabon sanyin halinta, a gidansu Garwashi ake ce mata, don in ta tashi da fushi ko ƙannenta ba sa gilmawa ta gabanta. Ku matso ku ji yadda aka yi.

Watansu takwas da aure, wata safiya mijinta ya ajiye mata kwalin ashana kusa da kofin shayinta. Shi mai gyaran keken ɗinki ne, wurin gyaran ma suka haɗu, shi ya sa take tsokanarsa da Injiniya.

"Wannan kuma fa? Da ashana zan karya?"

"Buɗe dai."

Ta buɗe. Karyayyun allurai ne a ciki.

"Goma sha ɗaya," ya ce a hankali. "Duk ran da kika kira ni wai keke ya lalace, ni nake cire su. Keken nan lafiyarsa ƙalau, Garwashi. Ƙafarki ce. In ranki ya ɓaci sai ki danne feda kamar wuyan wani kike takawa. Tara daga ciki kuwa ranakun da Yaya ta zo shago ne."

Yayar nan tasa ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun ranar farko ba ta ga abin so a jikin Garwashi ba. Jiya-jiyan nan ta je shago ta ce mata ba a koya mata tarbiyya a gida ba. Ita kuwa Garwashi, a gaban kwastomomi, ta ce da Yaya ta iya zama da mutane da aurenta bai mutu sau biyu ba.

"Ita ta fara," Garwashi ta ce.

"Na sani. Bakinta da kaifi, ni ma na sha shi. Amma jiya kuka na tarar tana yi, matar da ta goya ni har makaranta. Babanmu ya ce in aka sake irin wannan ki tafi gida sai an zauna. Ni kuwa na san zuciyarki, in kika fita ba za ki dawo ba." Ya sunkuyar da kai. "Ina son ki. Kada ki sa in rasa ɗayanku."

Bai taɓa ɗaga mata murya ba, yau ma bai ɗaga ba, shi ne ya fi yi mata ciwo. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita, ta kifa kai a tebur ta yi kuka har shayin ya huce.

Da ta je shago ta ɗauki allura za ta sa maɓalli, sai zaren ya ƙi shiga. Ta lasa, ta murza, ya ƙi. Hannunta ne ke rawa. Ta zauna tana kallon hannun. Sai da numfashinta ya sauka sannan zaren ya shige salin-alin.

"To," ta ce wa kanta. "Hannun da ya kasa zura zare, bakinsa ma ba zai faɗi daidai ba. Daga yau duk wanda ya taɓa ni, ba ni buɗe baki sai zare ya shiga."

Ta soke allura ɗaya a wuyan rigarta, da guntun zare a aljihu. Da yamma ta je ta durƙusa ta ba Yaya haƙuri. Yaya ko kallonta ba ta yi ba, ta ci gaba da ninke kayanta. Garwashi ta dawo zuciyarta kamar ta fashe, amma ta dawo ba ta ce komai ba.

Kada ku zaci abin da sauƙi. Akwai ranar da wata kwastoma ta ce ta lalata mata yadi, sai da Garwashi ta gwada sau shida kafin zaren ya shiga. Akwai ranar da ta manta da allurar gaba ɗaya, ta balbale mai kawo mata zare da faɗa, washegari ta bi shi har rumfarsa ta roƙi gafara. A hankali ta gane inda wutar take kamawa. Zagin ɗinkinta ba ya damunta sosai. Amma a taɓa mahaifiyarta, wadda ta rasu ba ta ga aurenta ba, nan ne idonta yake rufewa. Yaya kuwa ta san wurin.

Bayan wata biyu sai ga Yaya a shago, mata uku na zaune a benci suna jira. Ta jefa wata riga a kan teburin yanka.

"Ga aikinki. Hannun hagu ko shiga ba ya yi. Ban ga laifinki ba, uwar da ba ta koya wa 'yarta magana ba ina za ta koya mata awo?"

Garwashi ta ji zafi ya taso mata tun daga ƙirji har kunne. Amsa ta zo mata bakin harshe, mai zafi, wadda ta fi ta wancan karon. Ta zaro allurar.

Na farko zaren ya kauce. Na biyu ya lanƙwashe.

"Da ke nake magana, kin tsaya wasa da allura!"

Na uku, hawaye ya hana ta ganin ramin. Ta share da bayan hannu, ta ja numfashi, ta tuna kwalin ashana. A na huɗu ya shiga.

"Yaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni ki faɗa mini duk abin da kike so, ƙanwarki ce. Amma mahaifiyata tana kabari, ki bar ta ta huta. Shigo daga ciki in sake auna ki."

Yaya faɗa ta zo yi ba ta samu abokin yi ba. Ta bi ta bayan labule tana ƙunƙuni.

Garwashi ta zagaya da tef ɗin awo a damtsen dama: inci goma sha huɗu, daidai da awon farko. Ta koma na hagu. Goma sha bakwai. Ta sake aunawa. Da ta ɗaga hannun, Yaya ta ɗan cije leɓe.

"Yaya, ba rigar ba ce. Tun yaushe hannun nan ya kumbura?"

"Ina ruwanki."

"Tun yaushe, Yaya?"

Sai Yaya ta sulale ta zauna a kan kujera. Wata uku ke nan, in ji ta, wani ƙullutu ya fito mata a hammata. Da irinsa mahaifiyarsu ta tafi. Tsoro ya hana ta barci, ya hana ta gaya wa kowa, kowa ta gani sai ta ji kamar ta cije shi.

"Kada ki gaya wa ƙanena," ta ce tana kuka. "Ba zai iya ɗauka ba."

"Zai iya, ke kika raine shi. Amma ke za ki gaya masa da bakinki. Tashi mu je asibiti."

Ta sallami matan nan uku da ban haƙuri, ta kulle shago da rana tsaka. Likita ya ce sun yi dabara da suka zo yanzu. Aka yi aiki, aka yi jinyar wata da watanni, Garwashi ce mai kwana da ita, ita ke yi mata wanka, ita ta ɗinka mata riguna masu faɗin hannu. Wata rana Yaya ta riƙe hannunta ta ce, "Allah ya jiƙan wadda ta haife ki. Ta yi tarbiyya, ni ce ban gani ba."

Shi kuwa Injiniya har yau kwalin yana nan, allura goma sha ɗaya, ba ta ƙaru ba. Yakan ce ta kashe masa kasuwa, ta ce ya je ya nemi wata mai zuciya.

To kun ji. Fushi ba ya daina zuwa, har gobe yana zuwar mata, allurar ma tana nan a wuyan rigarta. Amma da ta rama a ranar nan, da ta rasa miji, Yaya kuma ta koma gida da ciwonta a ɓoye. Wanda ya ɓata muku rai, ku ba kanku ɗan lokaci kafin ku amsa, wataƙila ku ga abin da ke cin sa.

Bari in tashi, ga baƙi can sun shigo tun ɗazu ko ruwa ban kai musu ba.