Gwangwani na Bakwai

Ku matso ku ji, labarin nan daɗi gare shi. Ranar da Auta ta fara ganinsa, a durƙushe take ƙarƙashin benci a lambun tsohon gidan nan da aka mayar gidan tarihi, mayafinta duk yanar gizo, wayarta na nuna saura mita ɗaya.

Wasa ne ya kai ta. Ana ɓoye gwangwani a wani lungu, a sa lambobin wurin a intanet, waya ta yi maka jagora. In ka samu, a ciki akwai kati mai labarin gundumar, da ɗan littafin sa hannu, da 'yan tarkace. Doka ɗaya ce: ka ɗauki abu, ka bar abu. Gwangwani bakwai ne a gidan, na farko take nema.

"Baiwar Allah, hagu kaɗan," in ji wani a bayanta.

Ta ɗago. Dogon saurayi ne, makullai rataye a wuya, yana ta danne dariya. Shi ne jagoran gidan, shi ya ɓoye su duka.

"Wa ya tambaye ka?" ta ce.

Amma fa hagun ta yi, ta kuma samu. Ta ɗauki wani fensir, ta laluba jaka ba abin bari, sai jan maɓalli guda, da yake ita tela ce. Daga ranar ta zama Maɓalli, shi kuma Mai Gwangwani.

Duk Asabar sai ta je. Ta san ɗakin da likitan farko na gundumar yake duba marasa lafiya, ta san rijiyar da aka rufe, ta san matakalar da ke ƙara in an taka ta uku. Shida ta samu, na bakwai ya gagare ta. Ana cikin haka lambar waya ta shiga tsakani.

"Maɓallina, yau mutum talatin na zagaya da su, duk ban ga kowa ba tunda ba ke."

"Daɗin baki. In da gaske kake, faɗa min inda na bakwai yake."

"Zuciyata na ba ki kyauta. Gwangwani kuwa sai kin nema."

To, da magana ta kai gida, nan aka sha daru. Baba tsohon magini ne, kuma ya yi shekara arba'in bai taka gidan tarihin nan ba. Kakansa ne ya gina shi, amma allon da ke ƙofa sunan likita kawai ya ɗauka. Ga shi kuma yana da nasa ɗan takarar, ɗan abokinsa mai shagon siminti, wanda in ya zo zance ba ya da hira sai ta rodi.

"Ƙato da shi, aikinsa ɓoye gwangwani?" in ji Baba. "Ba da ni ba."

Mama ta ce, "Kai ma da na aure ka, kwaɓa laka kake yi."

"Laka sana'a ce."

Auta ta yi sati biyu ko keken ɗinki ba ta iya takawa da kyau, ta ɗinka wa wata hannun riga a baibai. Mai Gwangwani ya ji tausayi, ya karya dokarsa ya turo saƙo:

"Kar ki yi kuka, Maɓallina. Ga satar amsa: bangon bayan kicin, ƙasan taga, akwai jan bulo da yake zaruwa."

Ita kuma don murna ta karanta wa Mama da ƙarfi. Ashe Baba na bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Bulo yake zarewa? A bangon kakana?"

Nan take ya miƙe. Ya ɗauki cokalin gininsa da ɗan buhun siminti, ya kama hanya. Auta na biye da shi tana, "Baba don Allah, Baba ka tsaya," Mama na biye da Auta.

Mai Gwangwani ya tare su ya durƙusa ya gaida Baba. Ko kallo bai samu ba.

"Nuna min ɓarnar da ka yi."

"Baba, a sake na same shi, ban taɓa..."

"Nuna min."

Baba ya tsuguna, ya zare bulon, ya juya shi don ya shafa siminti. Sai hannunsa ya tsaya. A bayan bulon akwai shaidar yatsu uku da aka danna tun yana ɗanye, da ɗan layi a ƙasa. Irin alamar da Baba yake yi a bulon ƙarshe na duk ginin da ya gama. Babansa ya koya masa, shi ma nasa baban.

Auta ta jawo gwangwanin daga ramin, ta buɗe, ta karanta katin:

"Ba mu san sunan maginin da ya bar wannan alama ba. Shi ya yi gidan nan da hannunsa. In ka san shi, don Allah ka rubuta mana."

"Shekara biyu ina nemansa, Baba," in ji Mai Gwangwani. "Ba takardar da ban buɗe ba."

Baba ya shafa alamar da yatsunsa. Can ya ce, "Ba ni biro."

Ya rubuta sunan kakansa a littafin, harafi ɗaya-ɗaya, da manyan baƙi. Ya mayar da gwangwanin zai tashi.

"Baba," Auta ta ce a hankali, "doka ce, sai an bar wani abu."

"Me na ɗauka da zan bari?"

"Ka ɗauki bulo," in ji Mama.

Baba ya harare ta, ya harari saurayin sama da ƙasa. Sannan ya nuna Auta da cokalin ginin.

"To ga ta nan na bari. Ka turo manyanka. Kuma tagar nan ta karkace, gobe zan zo in gyara."

Wata uku aka ɗaura aure. Yanzu allon ƙofar gidan sunaye biyu ne a jiki, kuma duk Asabar Baba yana can, ya ƙwace rabin aikin surukinsa, yana nuna wa baƙi bango. Bulon nan dai ya hana kowa ya liƙe shi. Ranar da Auta ta fara fita da jaririyarta, can suka nufa, suka bar 'yar safarta guda a gwangwani na bakwai, kusa da jan maɓallin nan da Mai Gwangwani ya daɗe da mayarwa can.

Allah ya bar su tare, ya raya musu 'yar nan, ya sa mu ga na bayanta.