Ranar Ruwan Baba Abílio

"Juya motar nan, Telmo!"

"Ba wurin juyawa, Benedita. Ko dai mu yi gaba, ko mu faɗa kogi."

Gaskiya ya faɗa. Hanyar ta matse tsakanin katangar duwatsu da ruwa, don jakuna aka yi ta, su ma da lallaɓawa suke bi. A ƙarshenta ga tsohon gidan niƙa a tsaye, an wanke masa duwatsu, an sa masa tagogin gilashi, an rataya allo mai cewa masaukin baƙi ne.

A cikinsa aka haifi Benedita.

"Hutu ka ce za mu je."

"Ai hutun ne, zuciyata."

"A gidan ubana?"

"Ya daina zama nasa. Yanzu har da tawul mai ƙamshi..."

"Kar ka sake ce min zuciyata!"

Telmo ya kashe motar, ya juyo ya dube ta. Wasan ya bar fuskarsa.

"Ƙarshen watan nan za mu tafi Suwizalan. Aiki na jirana, zobena na hannunki, amma babanki bai san komai ba. Kullum sai ki ce gobe. Ni ba zan saci 'yar mutum ba, Benedita. Ga gidansa can a kan tudu. Yau za mu faɗa masa."

Ta murza zoben a yatsarta.

Baba Abílio shi kaɗai yake zaune tun rasuwar mahaifiyarta, Deolinda. Da hannunsa ya sayar da gidan niƙan, ba wanda ya tilasta masa, kuma har yau bai yafe wa waɗanda suka saya ba. Yayanta yana Faransa, yana aiko gaisuwa duk Kirsimeti. Ita ce ke zuwa daga birnin Braga ta yi masa wanki, ta dafa masa miyar kabeji, shi kuma ya saka mata da cewa gishiri ya yi yawa. Idan ta tafi, ba mai sa masa gishirin ma.

Mai masaukin, Dona Filipa, 'yar Lisbon ce, ba ta gane ta ba. Ta zagaya da su tana ba su tarihi, Benedita na biye kamar baƙuwa, ana nuna mata inda ta koyi tafiya. Dutsen niƙan ya zama teburin shan kofi. Telmo ya kama ɗaki biyu, saboda ƙauye yana da ido.

"Sai dai ku yi haƙuri," in ji Dona Filipa, tana nuna babban gargaren katakon da ke jikin bango, wanda ruwa ke juyawa ya yi niƙa a da. "Yau ba zai juya ba. Magudanar ruwa ɗaya ce da mu da gonaki, kowane gida da ranarsa. Yau Asabar, ranar wani tsoho ce. Ko ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sai ya zo ya karkata ruwan zuwa gonarsa. Baƙi kuwa ranar Asabar suke zuwa ɗaukar hoto!"

"Na san shi," in ji Benedita.

"Ayya! Allah ya ba ki haƙuri."

Ɗakin da aka ba ta shi ne wanda mahaifiyarta ta yi jinya a ciki. An shafe shi da farin fenti, an ajiye alewa a kan matashi. Ta zauna bakin gado, ta nemi ko da ɓurɓushin warin garin masara, ba ta samu ba.

Ta tashi ta buga wa Telmo ƙofa.

"Mu je, kafin zuciyata ta karye."

Sun sami Baba Abílio a gona, ba takalmi, fartanya a hannu, yana bi da ruwa tsakanin kunyoyi. Watan Agusta ne, tsakiyar rani a ƙasar nan, an daɗe ba a ga hadari ba. Masarar ta fara fitar da gemu, ganyenta ya nannaɗe don ƙishi. Rabin gonar kawai ruwan ya kai.

"Sannu da aiki, Baba."

Bai ɗago ba.

"An ce kin sauka a masaukin 'yan gayu. Yaya katifarsu?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Tun kafin ku kashe mota." Ya dubi Telmo sama da ƙasa. "Wannan ne injiniyan?"

"Ni ne, Baba. Barka da rana."

"Matsa can, kana tsaye a kan hanyar ruwa."

Telmo ya yi tsalle gefe, takalminsa ya riga ya jiƙe.

"Baba..." Benedita ta matso. "Telmo na son aurena. Ni ma ina sonsa. Amma ya sami aiki a Suwizalan, kuma... kuma tare za mu tafi."

Fartanyar ta tsaya.

"Zan riƙe ta amana, Baba," in ji Telmo. "Duk hutu za mu zo."

"Haka yayanta ya ce."

Benedita ta matsa kusa, ƙafarta ta nutse a laka.

"Baba, dube ni. Idan ka ce in zauna, zan zauna. Na rantse."

Telmo ya juyo ya dube ta. Wannan ba ya cikin abin da suka shirya a mota.

Tsohon ya dubi ruwan da ke bin ƙafafunsa. Sannan ya ce, "Ku tafi. Kuna taka min masara."

Suka sauko. A bakin kogi, ƙarƙashin gargaren da ke tsaye, Benedita ta zare zoben, ta miƙa wa Telmo.

"Kar ki yi haka, masoyiyata..."

"Ka ga hannunsa? Rawa yake yi, Telmo! Bara ba ya rawa."

"Sai mu tafi da shi."

"Babana a bene hawa na bakwai? Sati guda ba zai yi ba."

"To ni in zauna. In bar aikin."

"Ka zauna ka tsane ni a hankali? A'a." Hawaye suka zubo mata. "Ina sonka, wallahi ina sonka. Amma ba zan iya..."

Wata ƙara ta katse ta, irin ta tsohuwar ƙofa. Ruwa ya kwararo ta magudanar da ke sama da kansu, ya daki katakon. Gargaren ya yi nishi, ya motsa, ya fara juyawa.

Baƙi suka fito da wayoyinsu suna shewa. Dona Filipa ta dafe ƙirji tana cewa abin al'ajabi.

Benedita kuwa ta dubi rana. Tsaka take. Ruwan babanta sai faɗuwar rana yake ƙarewa, kuma ba zai sake samu ba sai wata Asabar. Masarar da ta gani ba za ta kai ba.

Ta ruga a guje.

Babanta yana zaune a kan dutse inda magudanar ta rabu biyu, allon toshe ruwan a kan cinyarsa. Hanyar gonar ta riga ta fara tsotsewa.

"Baba, masararka!"

"Na gan ta."

"Mayar da allon! Za ta mutu!"

"A gidanmu ba a ba da 'ya aure gargare yana tsaye. Dole kwarin nan ya ji. Haka kakanki ya yi wa 'yan uwana mata. Don 'yan Lisbon sun sayi bango, ba su sayi wannan ba."

Ta durƙusa a gabansa, ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka.

"Wa zai yi maka wanki?"

"Sai in yi dauɗa."

"Baba!"

Ya ɗora hannun nan mai rawa a kan gashinta.

"Uwarki ma ba 'yar nan ba ce. Daga bayan duwatsu na ɗauko ta, garin da sai an wuni ana tafiya. Ubanta ya rako mu har bakin hanya yana kuka kamar yaro. Na ce a raina, wannan tsoho ba shi da kunya." Ya dubi gargaren da ke juyawa can ƙasa. "Sai yau na tausaya masa."

Telmo ya iso yana haki, zoben a tafin hannunsa, ya tsaya nesa kaɗan bai san abin yi ba.

Baba Abílio ya share ido da bayan hannu, ya matsa gefe a kan dutsen.

"Ka tsaya kana kallonmu? Sa mata abinta, ɗana, ka zo ka zauna."